Buhu Biyu da Ɗakin Inna



Ina roƙon a ba ni ɗan fili in ba da labarin wani abu da ya faru da ni, wanda na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Ni ba malama ba ce, ban kuma zo da fatawa ba. Matar aure ce ni a nan Maraɗi, mai ɗan rufin asiri, alhamdu lillahi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kowace shekara idan damina ta kankama ko hunturu ya kawo jiki, kwamitin mata na ƙungiyarmu yakan yi shelar a kawo tufafi da kayan gida waɗanda ba a amfani da su, domin a kai wa mabukata. Ina so ƴan'uwana mata su ji abin da ya same ni kafin su ɗaure bakin buhunansu, ko Allah Ya sa kunyar da na sha ta ishe mu gaba ɗaya.

Duk wanda yake Maraɗi ba zai manta da ranar Juma'a, 30 ga watan Agusta na shekarar 2024 ba. A ranar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har aka ce an auna milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Tituna suka zama koramu, gidajen ƙasa suka jiƙe suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, aka rasa rayuka aƙalla 15. Daminar ba Maraɗi kaɗai ta taɓa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. A faɗin Nijar waɗanda ambaliyar ta shafa sun haura mutum miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makarantun boko zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun cika da iyalan da ba su da wurin sa haƙarƙari. Mu dai Allah Ya tsare mu. Gidanmu na siminti ne, ban da ɗan yoyo a ɗakin girki babu abin da ya same mu.

Juma'ar da ta biyo baya, maigida ya dawo daga masallaci ya ce liman ya yi shela, duk mai tufafi ko kayan gida da zai iya rabuwa da su ya kai farfajiyar Islamiyyarmu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Kafin tausayi ya zo zuciyata, ɗakin ajiyata ne ya fara faɗo mini, wanda ya cika da tarkace har ƙofarsa ba ta rufuwa sosai. Na ce a raina, ga sarari a ɗaki, ga lada a sama.

Na shiga da buhu biyu. Na zuba rigar maigida da dutsen guga ya ƙona a ƙirji, da wandunan yara da gwiwarsu ta fashe, da zannuwan da suka sha jiki har ana hango mutum ta cikinsu, da takalman da ban tsaya neman ƴan'uwansu ba, da wata tukunya da na daina ɗorawa saboda yoyo. Ban wanke ko ɗaya ba. Duk wanda hannuna ya ɗan yi jinkiri a kansa, sai in ce wa kaina ai da babu gara ba daɗi, wanda ruwa ya ci gidansa ba shi da zaɓi. Atamfofin da na shekara uku ban ɗaura ba, da tukwanen da ke jere a saman kabad tun bikina, ko kallonsu ban yi ba. Na ɗaure buhunan da wata shuɗiyar igiyar shanya, na ba yaro ya kai. Da maƙwabciyata ta shigo da maraice, sai da na san yadda na yi na saka zancen cikin hira, cewa ni dai buhu biyu na aika.

Bayan kwana biyu aka aiko ana neman hannu wajen tantance kayan, na tafi da ƙwarin gwiwata. Shugabar kwamitinmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, mai sanyin murya amma ba ta ɓoye gaskiya. Ta sa aka shimfiɗa tabarmi uku a inuwar dogon yaro. Ta farko ta kayan da za a iya miƙa wa mutum a ranar, ta biyu ta waɗanda ke bukatar sabulu ko allura, ta uku ta waɗanda ba su da makoma sai juji. Tun kafin azahar tarin tabarma ta uku ya fi sauran biyun tudu.

Can sai na hango shuɗiyar igiya a hannun Hajiya. Gabana ya faɗi. Ta kwance ta zazzage. Ta ɗaga rigar maigida ta zura yatsu uku ta wurin ƙunar, ta ajiye a tabarma ta uku. Ta ɗauki tukunyar ta ɗaga saitin rana, haske ya ɓullo ta gindinta wuri biyu. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Sarki. Mai wannan buhu dai ta huta da biyan yaran shara." Mata suka fashe da dariya. Ni ma na yi dariya tare da su, kuma wannan dariyar ce ta fi ci mini rai har yau. Cikin buhuna biyu, abin da ya tsira zuwa tabarma ta farko bai wuce kallabi biyu da wata ƴar rigar sanyi ba.

Da la'asar aka kira mai amalanke ya kwashe tarin tabarma ta uku, aka biya shi jika biyu daga asusun kwamiti, wato daga kuɗin da aka tara don sayen sabulu da gero. A nan lissafin ya fito mini fili: sharata na aika wa mabukata, kuma da kuɗinsu aka zubar da ita.

A karatun mata na ranar Asabar, malaminmu, wanda Hajiya ta riga ta kai wa kuka, ya ɗauko labarin da ya sa na kasa ɗaga kai. Ya ce a Madina, Ansaru masu gonakin dabino sukan kawo reshe da ƴaƴansa su rataya a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin talakawan da ke kwana a Suffa su ci idan yunwa ta kama su. Sai wasu suka riƙa kawo mafi lalacewar dabinonsu suna ratayawa. A kan haka ne, kamar yadda aka ruwaito daga sahabi Barra'u ɗan Azib, aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka. Ma'aunin da ayar ta ba mu, in ji malam, mai sauƙi ne. Mai bayarwa ya sa kansa a matsayin mai karɓa, ya tambayi zuciyarsa ko zai amshi abin nan da daɗin rai. Ya kuma tuna mana da Abu Ɗalha, wanda da aya ta 92 ta Ali Imrana ta sauka tana kwaɗaitar da bayar da abin da rai ke so, ya tashi ya sadaukar da Bairuha'u, gonar da ya fi ƙauna cikin dukiyarsa.

Wata ta tambaya, to ashe ba a sadaka da abin da aka yi amfani da shi? Malam ya ce ana yi mana, kuma akwai lada. Cikinmu wa bai taɓa sayen bosho a kasuwa ya sa ya fita kunya da shi ba? Tsufan abu ba aibi ba ne matuƙar yana da sauran amfani, yana da tsabta, kuma ba zai zubar da mutuncin wanda ya sa shi ba. Ya ce mu tuna, wanda ruwa ya ci ɗakinsa dukiya ya rasa, darajarsa tana nan, kuma jiya-jiya shi ma mai kyauta ne.

Mako na gaba na bi ayarin da ya kai kaya wata makarantar boko inda aka sauke mutane. An jingine tebura a bango, an rataya zannuwa a igiya don raba iyali da iyali. A wani aji na ga fuskar da na sani, wata mata mai toya ƙosai a bakin hanyar da yarana ke bi, wadda na sha yin ciniki da ita ban taɓa tambayar inda take kwana ba. Muka gaisa, na yi mata jaje, na tura mata tarin zannuwa na ce ta zaɓa. Ta ɗauki ɗaya ta ninke, ta ce, "Uwargida, Allah Ya saka da alheri. Zane ɗaya ya ishe ni rufa jiki. Ni tukunya nake nema."

Ta ce bango ya faɗa wa ɗakinta. Ta samu ta fito da yara, amma tukwanenta da kaskon suya sun lotse ƙarƙashin ƙasa, turmi kuma ruwa ya tafi da shi. An ba su gero da shinkafa, sai dai iyali huɗu ke karɓa-karɓa da tukunya ɗaya a ajin, ita kuwa da yake ta zo ƙarshe, sai bayan isha'i take ɗora nata, lokacin yara sun yi barci da yunwa. Sayen sabuwa ba zance ba ne, domin tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023 kaya suka yi tsada, jarinta kuma yana ƙarƙashin bangon. Na tsaya riƙe da zane a hannu na rasa ta cewa. Hausawa sun yi gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna can muna tara abin da ya dame mu a gidajenmu, ba mu aiko mun tambayi abin da ya dame su ba.

A hanyar komawa na tuna da Suratul Ma'un, wadda muke karantawa a salla kusan kullum, da yadda ta ƙare da zargin masu hana ma'un. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa a zamanin Annabi abin da suke ɗauka ma'un shi ne irin aron guga da tukunya. Tun ina yarinya na haddace surar, amma sai ranar na gane da ɗakin girkina take. Washegari na sauko da tukwane uku daga saman kabad na kai wa Hajiya. To amma tukwane uku ina za su kai a makaranta guda? Sai hankalina ya koma ɗakin Inna.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rasu a 2021, Allah Ya jiƙanta. Mahaifinmu ya riga ta da daɗewa. Ta bar mu uku, Yaya da ni da ƙanenmu, wanda shi ma Allah Ya karɓi abinSa shekara ɗaya bayanta, ya bar mata da ƴaƴa uku ƙanana. Inna ta yi shekaru tana sana'ar tuwo da waina, ta kuma ƙare rayuwarta a gidan Yaya, a wani ɗaki da ke ƙuryar gida. A ɗakin akwai manyan tukwane, da kasko biyu, da kwallaye jere har kusa da rufi, da turmi da taɓare, da faifai da matankaɗi, da adaka biyu cike da zannuwa. An raba ƴan kuɗin da ta bari, amma kayan ɗaki babu wanda ya iya taɓawa. Yaya ta sa kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Shekara uku ɗakin yana kulle.

Na sami Yaya na ce, "Yaya, ki ba ni makullin ɗakin Inna. Mutane na kwana da yunwa saboda rashin tukunya, ga namu can ƙura na ci."

Ta dube ni ta ce, "Ke yanzu kayan Inna za ki watsa a gari? Gobe in shiga kasuwa in ga zanen uwata a jikin wata, ana nunawa ana cewa ƴaƴanta sun gaji da ita? Ni idan na buɗe ɗakin nan ƙamshinta nake ji. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Maimakon in lallashe ta, sai na ce mata ƙamshi ba ya bin mamaci kabari. Da gatse na faɗi maganar, kuma ga yayata na faɗe ta, wadda ta yi jinyar Inna wata takwas ina gidana. Ta tashi ta shige ɗaki. Muka yi kwana tara ba mu gaisa ba, mu da muka san addini bai yarda a wuce uku ba. Ni da na aika shara makonni biyu da suka wuce, ga ni na zama mai wa'azi. Har na fara shirin in sa ɗan Yaya ya ɗauko mini makullin idan ta yi barci. Maigida ya ji, ya ce, "Kafin ki yi satar da za ki sa wa suna sadaka, je ki tambayi malam."

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni kayan na wane ne. Na ce na Inna ne. Ya ce a'a, Inna ba ta da ko cokali tun ranar da ta cika. Duk abin da mamaci ya bari, har zane da ludayi, gado ne, kuma bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, na magada ne. Ya lissafa mini bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i: kashi huɗu za a yi, ƙanenmu biyu, ni ɗaya, Yaya ɗaya. Da yake ƙanenmu ya rasu bayan Inna, rabonsa ya gangara ga matarsa da ƴaƴansa. Ke nan rabin ɗakin na gidan marayu ne, ga kuma aya ta 10 ta wannan sura da gargaɗinta mai tsanani kan cin dukiyar maraya. Baligi mai hankali yana iya kyautar da rabonsa, amma rabon ƙaramin yaro babu mai ikon yin sadaka da shi, ko da waliyyinsa ne. Ya ce kuskure ne da ya yawaita a gidajenmu, a kwashe tufafin mamaci a rabar ranar sadakar uku ko ta bakwai ba a tambayi magada ba, alhali a cikinsu akwai marayu. Kyakkyawar niyya, in ji shi, ba ta halatta dukiyar wani. Na fito jikina a sanyaye. Cikin kashi huɗu, ɗaya kaɗai ne nawa, shi ma sai an raba.

Wadda ta sasanta mu ita ce ƙanwar Inna, da muke kira Iya. Ta zaunar da mu ba ta tambayi wanda ya fara ba. Ta ce wa Yaya, "Tashi ki ɗauko mini baƙin akushin nan da ke kan adakar yayata." Da aka kawo, ta riƙe shi ta ba mu labarin da Kaka ta sha ba su. A shekarar 1945, lokacin garin Maraɗi yana ƙasa cikin fadama, Gulbi ya yi ambaliyar da ta ci tsohon gari, abin da ya sa aka hau da mutane tudu, inda birnin yake a yau. Kaka ta fito riƙe da hannun Inna, tana ƴar shekara huɗu, ba ta tsira da ko ƙwarya ba. Wata mata, ba dangin iya ba na baba, ta ba ta tukunya da zane da wannan akushi.

"Kuma ba fasasshe ta ba ta ba," in ji Iya. "Wanda mijinta ke cin tuwo a ciki ta ɗauko. Ku da kuke ci a tangaran yau, cikin akushin sadaka aka reni uwarku. Da matar nan ta kulle ɗakinta, ko da mai yoyo ta miƙa wa Kaka, da yau wane labari zan ba ku?"

Maganar farko ta Yaya ce. Ta biyu kuwa, ko Iya ba ta sani ba, tawa ce. Yaya ta yi kuka, na yi kuka, na durƙusa na nemi gafararta.

Da muka buɗe adakar farko, sai muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta ci kusan rabin zannuwan. Yaya ta daɗe tana kallonsu ba ta ce uffan ba. Muka kira dillaliya mai amana ta yi wa komai kuɗi a gaban Iya da matar ƙanenmu da wakilin malam. Matar ƙanenmu ta zaɓi kwallaye da wasu zannuwa masu kyau a ajiye wa ƴarta. Sauran rabonsu ni da Yaya muka saya bisa kuɗin da dillaliya ta yanka, aka damƙa na marayu ga waliyyinsu a gaban shaidu. Yaya ta ɗauki akushi da mayafin sallar Inna. Abin da ya rage muka yi niyyar sadaka ga Inna, domin ya tabbata cewa Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa za ta amfane ta.

Kwana biyu muna aiki. Muka goge tukwane da toka, muka cika kowace da ruwa muka bar ta ta kwana don mu ga ko tana yoyo. Muka wanke zannuwa muka goge muka ninke, Yaya ta turara su da turaren wuta irin na Inna. Waɗanda gara ta taɓa ba mu sa su a ciki ba. Wani tela muka ba ya cusa matasai, muka kuma gaya masa tsumma ne.

Ta hannun kwamiti muka bayar, a nan kuma na ga amfanin bi ta ƙungiya. Hajiya tana da ƙa'ida: tufafin da suka fito daga wata unguwa sai a kai su unguwa mai nisa, don kada a nuna mai sanye da su da yatsa, kada kuma ran mai bayarwa ya sosu. Da haka tsoron Yaya ya kau. Kayan girki kuwa bayan magariba ake kai su, ta hannun matan da suka san gidajen, babu layi babu hoto. Komai ana rubuta shi a littafin kwamiti, amma ba a karanta shi a taro. Na ga ranar da wani saurayi ya zo da waya zai ɗauki mata suna karɓa don ya sa a Facebook, Hajiya ta ce masa ya ɗauki buhunan idan yana so, fuskokin mutane kuwa ba nasa ba ne. Aya ta 264 ta Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta 271 kuma ta fifita ɓoye ta idan ga matalauta za a kai.

Da hunturu ya shigo, wata safiya na bi ta bakin hanyar nan, sai ga mai ƙosai ta dawo wurinta, yara sun kewaye ta. Na dubi kaskon da ke kan wuta na gane shi nan take, domin kunnensa ɗaya a lanƙwashe yake tun ina ƙarama. Na sayi ƙosaina na biya na wuce, ban ce komai ba, ita ma ba ta sani ba. Da na gaya wa Yaya, sai ta fara aika yaronta can kowace safiya, alhali akwai mai ƙosai a ƙofar gidanta. Daga baya na cire kunya na sami Hajiya na ce buhun nan mai shuɗiyar igiya nawa ne. Ta yi murmushi ta ce, "Na sani, ƴar nan. Ai dariyarki ta fi ta kowa ƙarfi."

Ya ku ƴan'uwa, ga ƴan shawarwari daga wadda ta koya da kunya. Kafin ki tara kaya, aika ki tambayi kwamiti abin da ya yi ƙaranci, domin bukatar damina tukunya ce da buta da tabarma da gidan sauro, ta hunturu kuwa bargo ce da rigar sanyi, musamman ga tsofaffi da almajirai. Ki ɗaga kowane zane saitin rana, ki zuba ruwa a kowace tukunya. Ki wanke ki goge, ki ɗinke abin da ya ɓarke, ki mayar da maɓalli, ki ɗaure takalmi da ɗan'uwansa. Ki ware na maza da na mata da na yara, ki rubuta a jikin buhu, da Hausa ko da Faransanci ko da ajami. Abin da ya mutu ki zubar da kanki da kuɗinki. Kada ki tsaya ga abin da ya dame ki kaɗai, ki sa ko abu ɗaya wanda ranki yake so. Idan kayan mamaci ne, a fara raba gado, a kiyaye haƙƙin maraya. Mu kuma tuna cewa wannan sadaka ce ta ganin dama, ba ta sauke zakka daga wuyan wanda ta wajaba a kansa. Daga ƙarshe, mu sa yaranmu su taya mu wanki da ninki, su taso sun san cewa ana girmama wanda za a ba.

Ba na cewa na gyaru sarai. Har yanzu idan na buɗe akwati hannuna yakan fara kai wa ga wanda ya koɗe. Sai dai yanzu nakan tuna da hasken ranar da ya ɓullo ta gindin tukunyata, in mayar in ɗauko wani.

Allah Ya jiƙan Inna da ƙanenmu da waɗanda ruwa ya ci da dukkan Musulmin da suka riga mu. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya raya marayunmu, Ya saka wa Hajiya da matan kwamiti, Ya karɓi ɗan abin da muka bayar, Ya yafe mana wanda muka bayar da son zuciya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƴar'uwarku a Musulunci, daga Maraɗi.